Goron Fitilar Zaure

A gidanmu na Salaga da goro ake raba kuɗin wuta. Duk wanda na gaya wa haka a Yendi sai ya yi dariya, ya ɗauka ba'a nake yi, amma haka na tashi na tarar ana yi. Juma'ar farko ta kowane wata, in an sauko daga masallaci an ci abinci, Baba zai sa a share zaure a shimfiɗa tabarmi. Ya zauna ya jingina da bango, ya jawo wata tsohuwar tasa cike da goro gabansa. Sai mutanen gida su fara shigowa: ƙaninsa da muke kira Baba Ƙarami, da matan gida, da 'yan haya. Kowa ya zauna, Baba zai dube shi ya fara jera masa goro a gaba. Ƙwan fitila goro ɗaya, fanka biyu, talabijin da dutsen guga kowanne da nasa. Mai firiza kuwa tsibi ake tara masa, har ya fara gumi tun ba a gama ba. Yawan goronka, yawan abin da za ka biya. In ka biya sai ka kwashe goronka ka tafi da shi, naka ne, Baba ne ya saya da kuɗinsa.

Goro ɗaya ne ba ya zuwa gaban kowa, shi ne na fitilar zaure. Ƙwai ne guda rataye a tsakiyar rufi, shi ke haska wa mai shiga da mai fita, da baƙon da ya sauka, da masu sallar magariba in ruwan sama ya hana su fita masallaci. Tun da ba ta ɗakin kowa ba ce, ta masu gida ce. Baba kan bar goronta sai ƙarshe. Ya zaɓi fari babba, ya sa farce ya ɓare shi biyu, ya miƙa wa ƙaninsa ɓari guda ya riƙe guda. Rabin kuɗin nasa, rabi na ƙaninsa. Nan take suke cinyewa, suna kallon ƙofa, ba mai ce wa wani uffan. Daga nan hira ta ɓarke, a yi ta har la'asar.

Kakanninmu fataken goro ne, su suka kafa gidan. Baba bai gaji fataucin ba, doya yake saye yana lodawa zuwa kudu, amma ya gaji tunaninsu kaf. A wurinsa mutumin da ya sayi huhun goro shi ne mai hankali, wanda ya sayi ɗai-ɗai kuwa abin tausayi ne. Ban taɓa ganin Baba ya sayi abu guda ba. Sabulu katan, gishiri buhu, ashana sai ta yi shekara a gidanmu har ta sha sanyi ta ƙi kamawa. Mma mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan ce da ana sayar da ciwon kai a sari da tuni Baba ya kawo mana buhu biyu. Shi kuma ya ce e, da ya kawo, ai da ya fi sauƙi.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga Baba har Baba Ƙarami ba mai kiran sunana, Uwata suke cewa. Wannan ya lalata ni, na yarda. Abin da yayyena maza ba sa iya buɗe baki su faɗa, ni sai in faɗe shi ina cin gyaɗa. Baba ya ɓata rai, sannan ya tuna da wa yake magana, ya sauke murya ya ce, “To, Uwata ta faɗa.”

Ina ƙarama tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan. Baba da ƙaninsa tare suke zuwa ƙauyuka sayen doya, babur ɗaya, aljihu ɗaya. Ba faɗa aka yi ba. Iyali ne suka yi yawa, aka ga tuwon ba ya isa ko'ina da zafi, aka raba tukunya. Bayan wasu shekaru Baba Ƙarami ya ga hatsi ya fi masa, ya koma sayen masara da dawa a kasuwannin Yendi da Gushegu, aka raba ciniki. Sannan ya yi gini a bayan gida, da ƙofarsa ta baya wadda ta fi kusa da hanya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin da aka yi shi, daidai ne, ba wanda zai ce an yi laifi. Sai dai da aka gama, abin da ya rage tsakanin mutanen nan biyu da suka sha nono ɗaya shi ne gaisuwar asuba da wayar wuta.

Da ya gama ginin, Baba Ƙarami ya so ya nemi mitarsa daban. A daidai lokacin ne aka kawo mana mita mai kati, wadda sai ka biya kafin ka sha, kuma a daidai lokacin ne Baba ya ji wani shiri a rediyo. Wai a wata ƙasa mai nisa, gari guda ne ke haɗa kai ya sayi wuta a sari don mutanensa, kamfani ya rage musu, kowa ya samu sauƙi. Na tuna ranar. Baba ya fito tsakar gida da rediyon a hannu, hula a karkace, yana kiran ƙaninsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

“Ka ji? Ka ji abin da suka ce? Sai yanzu Turawa suka gano abin da kakanmu ya sani tun yana bin jakuna! Mita ɗaya za mu riƙe. Mu tara kuɗin gidan nan duka, mu sayi ta wata guda a dunƙule. Wa ya ga mai sari ya yi kuka?”

Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya.”

Ita ce amsarsa tun da na san shi. Da Baba zai ce masa rijiyar bayan gida ta koma man ja, zai ce to, Yaya, ya je ya ɗauko galan.

Haka aka ci gaba shekara da shekaru. Baba har maƙwabta ya bi yana yi musu wa'azin sari, su saurare shi don girmansa, su yi masa godiya, su koma su ci gaba da abinsu. Kuɗin wuta na ta hawa, amma me bai hau ba? In an yi ƙorafi sai Baba ya ce ku gode wa Allah da muke saye a dunƙule, da ɗai-ɗai ne da kun gane kurenku. Kuma ba wanda ya taɓa gwada ɗai-ɗai ɗin balle ya ƙaryata shi.

Ni aure ya kai ni Yendi. Na buɗe ɗan shagon ɗinki a bakin gidan da muke haya, muna da mitarmu mu kaɗai. Na lura katinmu na daɗewa, amma ban kawo komai a raina ba, na ɗauka don mu ba mu da yawa ne. Sai wata ranar kasuwa Baba Ƙarami ya biyo ta shagona bayan ya gama awon masara. Na kawo masa ruwa da fura, ya sha, ya yi ta juya kofin a hannu. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara, ya sake tambayar maigidana. Na ce, “Baba Ƙarami, in bashi kake nema ka faɗa, in kuma mata za ka ƙara ka faɗa, ina da ɗinkin mutane.”

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Sannan ya gaya mini abin da mai sayar da katin wuta ya bayyana masa. Ashe wuta ba goro ba ce. An tsara ta ne yadda mai shan kaɗan zai samu da sauƙi, don a tausaya wa talaka. Mita in ta ja da yawa a wata, sai farashin ya hau mataki na gaba. Mu kuwa da muka ɗora gida guda a kan mita ɗaya, da fankoki da firiza da 'yan haya, sai muka zama kamar wani hamshaƙin mai kuɗi shi kaɗai a gidansa. Duk shekarun nan da Baba ke murna yana sari, a farashin masu kuɗi muke sha, har tsohuwar da ke haya a ɗakin lungu da ƙwanta guda.

Na yi dariya har na dafe keken ɗinki. Sai na ga shi ba ya dariya.

Ya ce, “Uwata, yara na makaranta, hatsi bai yi ba bana. Nauyin ya yi mini yawa. Ke za ki gaya masa.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Kuna gida ɗaya, kuna sahu ɗaya a masallaci, sai ka hau mota tun daga Salaga ka zo Yendi neman bakin da za ka ara? Gemunka ya yi fari fa.”

Ya ce, “Ni ban taɓa ce masa a'a ba. Ban san ta inda ake farawa ba.”

Da ya faɗi haka sai tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina da na yi masa tsawa. Na ce zan je.

Na sami Baba da hantsi a rumbun doya, yana ware irin da za a kai gona. Na zauna a kan turmi na zayyana masa komai, ban rage ba, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Ya saurara har na gama, sannan ya kwashe da dariya.

“Uwata, wane irin ɗan kasuwa ne zai ƙara maka kuɗi don ka sayi kayansa da yawa? Ai ko mahaukaci ba ya haka. An yi miki wayo a Yendi.”

Na ce ya je ya tambaya da kansa. Ya kuwa sa riga ya tafi, yana faɗin zai dawo ya ba ni kunya. Ya daɗe. Da ya dawo bai shigo cikin gida ba, a zaure ya zauna. Na leƙa na gan shi ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ya yi a waje ba. Na je na zauna kusa da shi.

Ya ce, “Gaskiyarki ce. Na sa mutane asara.” Sannan ya ce, “Wa ya aiko ki?”

Bai jira amsa ba, don ya san ƙaninsa ne. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke rataye a kanmu.

“In aka raba mita, me zai kawo shi zauren nan?”

Na ce, “Haba Baba, ai gida ɗaya kuke.”

Ya ce, “Gida ɗaya muke tun da aka raba tukunya. Ban da ranar goro, yaushe kika ga ya zauna? Ƙofarsa na baya, kasuwarsa na arewa. Da asuba ya ce mini ina kwana, in ce lafiya, shi ke nan har gobe. Ba laifinsa ba ne, haka duniya ta zama. Amma ni sau ɗaya a wata ina ganin ɗan'uwana a zaune, ƙafa a miƙe.”

A ranar na gane cewa tsoro Baba yake ji, kuma ban taɓa sanin yana jin tsoron wani abu ba. Na ji wani irin baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba. Gaskiya na kawo masa, kuma ko yau aka sake aike na zan faɗa, don tsohuwar ɗakin lungu ba ta ci bashin kowa ba da za ta riƙa biya wa Baba hirarsa. Amma sanin haka bai rage mini komai ba.

Baba ya yi ƙoƙarinsa. A Juma'ar da ta biyo baya ya faɗa wa kowa gaskiya da bakinsa, ya nemi gafara, ya ce a bar mitar yadda take, shi zai riƙa cike abin da ya hau daga aljihunsa. 'Yan haya suka yi godiya, amma kowa ya san doya ba ta ɗaukar wannan. Matar Baba Ƙarami, Bagwanjiya ce mai kirki, ita ke da firizar da take yin ƙanƙara da sobolo, ta kira ni gefe, ita Mma take ce mini saboda sunan surukarta, ta ce da Hausarta ta Gwanja, “Mma, ki faɗa ma shi. Laiti ɗin, wutan nan, ya yi tsada paa, amma mu ba za mu iya bari tsoho shi biya ma mu ba. Mutane za su ce mi? Za su ce ƙanin shi ya zauna, wan shi na ciyad da shi.” Gaskiyarta ce ita ma. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan lamari ke nan, duk wanda ka saurara sai ka ga yana da gaskiya, ka rasa wanda za ka zaga.

'Yan haya suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi mitarsa. Tasar goro ta fara komawa ciki da saura. Baba Ƙarami dai bai motsa ba, yana zuwa yana zama, yana karɓar ɓarinsa, yana ramewa. A lokacin ne kuma yanar ido ta rufe wa Baba gani, har ya fara laluben goron kafin ya jera. Yayana da ke Bawku yana cinikin shanu da albasa ya matsa a kawo shi can a yi masa aiki a asibitin ido. Ranar da zai tafi, ina nan, Baba ya sa aka kira ƙaninsa har bakin mota. Ya riƙe hannunsa ya ce, “In na tafi, ka nemi mitarka. Na yafe. Abu ɗaya na roƙe ka, kada a yi ina nan.”

Baba Ƙarami ya buɗe baki kamar zai ce wani abu dabam. Na zuba masa ido, ina addu'a a raina ya yi musu ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ce, “To, Yaya.”

Aiki ya yi kyau, ido ɗaya ya buɗe tar. Muka sa ran Baba zai dawo bayan 'yan makonni, sai ya ƙi. Yau ya ce likita ya ce ya sake zuwa, gobe ya ce hanya ba kyau sai ruwa ya ɗauke, jibi ya ce yana koya wa yayana ciniki, mutumin da ya fi shi sanin shanu nesa ba kusa ba. Na je Bawku na same shi a gidan hayar da yayana ke zaune, gida ne na mutane iri-iri, Kusasawa da Mosawa da 'yan Togo, kowace ƙofa da mitarta a gefe. Yana zaune a baranda a kan kujerar roba, ya yi fes da shi, ya yi ƙiba ma, amma kamar baƙon da ke jiran mota. Ba shi da zaure, ba shi da wanda zai aika. Matar yayana ta ce mini duk Juma'ar farkon wata sai ya sa an sayo masa goro, ya zuba a aljihu, ya yi ta raba wa duk wanda ya wuce, har masu tallan ruwa.

Na ce, “Baba, ka dawo gida. Doyarka na ruɓewa, kai kana nan kana kallon awakin mutane.”

Ya ce, “An raba?”

Na ce an raba.

Ya gyaɗa kai. “Sauƙi ya samu?”

Na ce ya samu, har tsohuwar ɗakin lungu ta sayi fanka.

Ya ce, “Alhamdu lillahi. To kin gani.” Ya juya ya ci gaba da kallon hanya da sabon idonsa, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukana.

Ya kusa shekara a can kafin ciwo ya kama shi. Ba wani ciwo mai suna ba, jiki ne kawai ya saki, abinci ya ƙi shiga. Da ya ji yadda yake ji, sai ya ce wa yayana ya kai shi gida, ba ya son a binne shi inda ba a san kakansa ba. Suka ɗauki shatar mota suka biyo ta Gushegu, suka tsaya a Yendi na shiga. Na zauna a baya na ɗora kansa a kafaɗata. Bai yi nauyin komai ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ce, “Sannu, Uwata,” kamar ni ce marar lafiyar.

Mun shiga Salaga ana idar da sallar magariba. Tun daga bakin layi na hango gidanmu, kowace taga da haskenta, har sabon sashen Baba Ƙarami. A bangon waje an jera mitoci, kowace da ɗan jan idonta tana ƙiftawa. Zaure kuwa duhu ne, baƙi ƙirin, kamar bakin rijiya.

Baba Ƙarami ya fito da gudu ba takalmi. Shi da yayana suka tallabo Baba, mutane suka kunna fitilun wayoyinsu don a ga inda za a taka. Da aka kai tsakiyar zaure Baba ya ce a tsaya. Ya ɗaga kai sama.

“An ɗauke wuta ne?”

Sai ya ga hasken tsakar gida yana shigowa ta ƙofa.

“Ko ƙwan ne ya mutu?”

Baba Ƙarami ya ce, “Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Mai haɗa wayar wuta ne ya tambaye ni a mitar wa za a sa ta. Na ga in na sa a tawa, kamar na ƙwace maka zaure ba ka nan. In na sa a taka, kamar na ɗora maka kaya ban tambaye ka ba. Sai na ce a bari sai ka dawo.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ka tafi.”

Wato duk watannin nan haka zauren kakanninmu ya kwana ya tashi a duhu, baƙi na laluben bango, masu sallah na haska waya, don mutum ɗaya yana jin nauyin wansa. Na so in yi ihu. Na so in kama su su biyun in haɗa kawunansu, tsofaffi biyu masu furfura da suka kasa yi wa juna magana a kan ƙwai guda, ga waya a aljihun kowa. Amma da na dubi fuskar Baba a hasken wayar yayana, sai na ga ba fushi yake yi ba. Murmushi yake yi, hawaye na bin gefen idon da aka gyara.

Ya ce, “Ashe ka jira ni.”

Baba Ƙarami ya ce, “Na jira, Yaya.”

“To. Juma'a mai zuwa ai ta farkon wata ce. A share zaure, ma zauna mu yi magana.”

Bai kai Juma'ar ba. Ranar Laraba da hantsi, ina ba shi koko a cokali, ya kauda kai ya ce ya isa, ya yi salati, shi ke nan. Kafin a dawo daga maƙabarta Baba Ƙarami ya sa an kira mai haɗa waya, don masu zaman makoki kada su zauna a duhu. A mitarsa aka sa, bai tambayi kowa ba, ba kuma sauran wanda zai tambaya. Ina tsaye lokacin da yaron aikin mai wayar ya taɓa makunni, fitilar ta kama nan take, ƙwan nan dai na da, da ƙurarsa da yanar gizo.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, masu gaisuwa suka ɗan tsagaita, kowa ya tafi cin abinci. Na fito zan kwashe kofuna sai na tarar da Baba Ƙarami shi kaɗai a zaure. An share, an shimfiɗa tabarmi. Bai zauna a jikin bango inda Baba ke zama ba, yana wurinsa na kullum, ɗan gefe kaɗan, ƙafa a miƙe. Ba tasa a gabansa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da goro guda, fari babba. Ya sa farce, ya kasa, don shi bai saba ɓarewa ba, kullum ɓararre ake miƙo masa. Sai da ya sa haƙori. Da ya rabu biyu ya riƙe ɓari ɗaya, ya miƙa ɗayan wajen bango.

Hannun ya tsaya a nan. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba, ina tsaye kofuna na hannuna. Can ya juyo ya gan ni.

Ya ce, “Uwata, zo ki karɓa. Ba na iya cinye shi ni kaɗai.”

Ni ba na cin goro, yana sa ni jiri, duk gidan an sani. Na ajiye kofunan na zauna kusa da shi, na karɓa na ci. Muka zauna muna kallon ƙofa, ba mai ce wa wani uffan. Rana tsaka ce, haske ya cika ko'ina, fitilar na ci a kanmu, kuma har aka kira la'asar ba wanda ya tashi ya kashe ta.